Farar Kariyar Baba

Yamai

Yaya Zuhura,

Assalamu alaikum. Ina yara, ina damina?

Wata alfarma nake nema. Farar kariyar nan da marigayi Baba ya haƙo daga duwatsun Kelle, wadda duk Gure babu irin furenta, ki yanko mini kawunan rassanta duka. A labo ɗinmu, wato ɗakin binciken tsirrai da nake aiki, muna yanka su ƙanana, mu sa a kwalabe da sinadarin girma. Wani sinadarin ya fito da toho, wani ya fito da saiwa, reshe ɗaya ya haifi ɗaruruwa. Sunan Baba za mu sa mata, Garbai. Don Allah wannan makon.

Ƙanenki, Fadilu

Gure

Fadilu,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, ban da kariya.

Ka san Baba bai taɓa kai mata wuƙa da damina ba. Ni ma na sani, amma ka ce wannan makon, na yanka. Ruwa ya shiga ta bakin yankan. Na shafa toka, na kifa mata kwano, a banza. Gindin ya ruɓe, jiya na taɓa shi yatsana ya nutse.

Wata da watanni ina cewa ai 'ya'yanta na wurinka. Sai ga maƙwabcinmu Abatcha ya dawo daga Yamai, ya ce ya ga 'ya'yanta a jere a wurin masu furanni na bakin kogi, kowace da ɗan allo an rubuta “Mardiya”. Wace ce kuma Mardiya? Wallahi raina ya ɓaci. Ka turo mini ɗaya in mayar a gurbinta.

Yayarka, Zuhura

Yamai

Yaya,

Ina gaisuwa, ina ba da haƙuri. Mardiya matar maigidana ce, shi ya zaɓi sunan. Tun kafin in rubuto miki na sa hannu a takarda cewa duk abin da ya tsiro a labo nasa ne. Ko kwalba ɗaya ba ni da ikon fitarwa. Amma ƙarshen wata zan sayo miki babba, mai fure.

Ki yafe ni. Fadilu

Gure

Fadilu,

Salamu alaikum. Ashe ka san haka ka ce in yanka.

Kada ka sayo. Ba zan shuka matar maigidanka a tsakar gidan Baba ba. Na cike ramin.

In ka zo Sallah, ka sauka gidan Kawu Isa.

Allah ya tsare. Zuhura