Sunan da Kika Faɗa wa Turmi

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ladabi irin wanda kika koya mini, ina fatan Allah Ya sa kina cikin hutu da yalwa a makwancinki. Damina biyu ke nan da muka rufe ki a Takanamat. Na san takarda ba ta zuwa inda kike, amma akwai maganar da ta tsaya mini a wuya, kuma ke ce mai ita. Na rubuta da Hausa, ba da Faransancin da nake koyarwa ba, don ba na son in yi miki magana da bakin da ba ki ji. Ɗalibaina da sauran masu son kiɗan Ƴan Kuran za su karanta. To, su karanta. Ya kamata su san abin da suke taka rawa a kansa.

Kin tuna Ƴan Kuran? Samarin nan biyu da na kawo miki gida bayan girbi: Laminu, dogo mai yawan dariya, da Agali, ɗan Buzayen nan mai shiru wanda ya sha miki hura ƙwarya guda bai ɗaga kai ba. Dukansu sun zauna a ajina a kolej ta Tawa. Yayan Laminu ne ya dawo daga ci-rani a Abijan da piyano mai lantarki, kawun Agali kuma ya aiko daga Libiya da ƙaramin akwati mai maɓallai wanda yake buga ganga da kansa. Mutanen gari suka sa musu suna Ƴan Kuran, don kiɗansu ba ya tashi sai akwai kuran, wato wutar lantarki.

A shekarar nan makarantu sun fi zama a rufe da a buɗe. Yau yajin aiki, gobe zanga-zanga, jibi taron jam'iyya. Samari suka cika inuwar gidaje suna dafa shayi, ba aiki, ba karatu. Ni kuwa da na ga yarana biyu sun sami abin yi da hannunsu, sai na riƙe su kamar ni na haife su. Ba mai son kiɗansu kamata a duk Tawa, Inna. Ni nake ba su aron rikodata. Ni nake yawo da kaset ɗinsu fada-fada, majalisun da samari ke shan shayi, ina cewa a saurara.

Da kin ga ɗakin da suke aiki, da kin yi dariya. Sun lulluɓe bango da buhunan albasa da tsofaffin katifu don kada kukan jakin maƙwabta ya shiga. Rikoda biyu gare su. Su ɗauki sauti a ɗaya, su kunna shi, su buga piyano a kansa, ɗayar tana ɗauka. Haka za su yi ta juyawa har kiɗa ya yi kauri. In suna son wani sauti ya yi ta maimaituwa, sai Agali ya zaro zaren kaset, ya yanka da reza, ya liƙa baki da baki, ya zagaya shi a jikin kofin shayi, zaren ya yi ta zagaye. Na sha zama tun azahar har la'asar ina kallon kofin nan, ina jin kamar a gabana ake ƙirƙiro wani sabon abu a ƙasar Adar.

A fada kullum gardamar ɗaya ce: daga ina suka samo wannan kiɗa? Masu zuwa Abijan su ce na Kwango ne aka sa wa rawani. Masu kallon sinima su rantse daga fim ɗin Indiya aka kwaso shi. Ƴan'uwan Agali su ce kowa ya ji ya san tande ne, gangar turmin da matansu ke bugawa. Ni kuma in miƙe kamar ina gaban allo in ce duk ba ku kai ba, tushensa lugude ne, dakan da uwayenmu ke yi. Wata rana na gaya wa Laminu cewa in suna son su ji lugude na gaskiya, akwai wata tsohuwa a Takanamat da taɓaryarta ba ta taɓa kuskure ba. Ni na faɗa da bakina, ni na biya musu motar ranar kasuwa. Wannan kashin laifin nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba.

Kin dubi rikodar da suka zo da ita kin daɗe, sannan kika ce: "Wanga akwati da ba shi da ciki, mi zai yi da dakan hatsi?" Da Laminu ya yi miki bayani, sai kika gindaya sharaɗinki, ina tsaye, kunnena ya ji: "Ku ɗauki turmi, ku bar mini bakina." Suka ce sun ji, sun yarda. Kika yi musu daka, kina jefa taɓarya sama kina tafi kafin ta sauko, Agali yana kaɗa kai idonsa a rufe.

Aka kira la'asar muka tafi masallaci. Suka bar rikoda a gindin rumbu, tana juyawa. Har yau ban sani ba ko mantuwa ce ko dabara.

Sai da muka dawo Tawa suka kira ni ɗakin buhuna, Laminu ya ce mini, da sunan da ɗalibai ke kiran malami: "Mushe, zauna tukuna, akwai abin da za ka ji." Aka kunna. Na ji takun ƙafafunmu muna fita. Na ji kaza. Na ji turmi ya ci gaba. Sannan na ji muryarki, ƙasa-ƙasa, kina waƙa ke kaɗai: "Ayuba na tahi boko, Ayuba hura na jira. Ba ni na kira ba, turmi ya kira."

Inna, shekarata talatin da takwas a ranar. Ni ne ɗan farinki, kuma ba ki taɓa kiran sunana ba, kamar yadda uwarki ba ta kira na ɗan farinta ba. Ina yaro "kai wancan" nake. Da na shiga makaranta na zama Mai-boko. Ko ranar da zazzaɓi ya kusa ɗauke ni, kina goge mini goshi, abin da kika ce shi ne "yaron mutane, kada ka ba ni kunya". Ban taɓa jin haushi ba, na san kunya ce, kuma na san abin da ke bayanta. Amma ban san akwai wani wuri a ƙirjina da ya zauna fanko yana jiran wannan kiran ba sai ranar nan. Na yi kuka a gaban ɗalibaina, ban ɓoye fuska ba.

Na ce su ba ni kaset ɗin. Suka ce dakan da suke so yana fuska ɗaya da waƙar, in bari su kwafe shi, sai su kawo mini har gida. Na ce waƙar ba tasu ba ce, ba ma tawa ba ce, kada ta fita daga ɗakin nan. Laminu ya dafa ƙirji ya ce: "Mushe, amana ce. In ta fita, ka cire ni daga cikin ƴaƴanka." Agali ya ɗaga kai kawai. Na tafi hankalina kwance. Na tambaya sau biyu ko uku a watannin da suka biyo, kullum "sati mai zuwa, Mushe". Ban matsa ba. Ina ganin kina nan, kaset ma yana nan, gaggawar me?

Damina ta faɗi, kika kwanta kwana shida, kika tafi. A kwana shidan nan ma ba ki kira ba. "Ku ce wa Mai-boko ya ci abinci," shi ne na ƙarshe da na ji daga gare ki.

Bayan sadakar arba'in na dawo Tawa. Ina sauka a tasha, jakata a kafaɗa, sai na ji lasifikar mai sayar da kaset tana tashi da wani sabon kiɗa. Na gane lugudenki tun kafin in juya. Na gane piyanon Laminu. Sai ga wata murya siririya kamar ta yarinya ƴar shekara goma tana ta maimaita "Ayuba, Ayuba, turmi ya kira", ba tsayawa, ba numfashi. Sun taɓa injin rikoda ya yi gudu, muryarki ta tsuke ta koma ta yara, suka yanko sunana suka zagaya shi a kofin shayi. Ƴan kamasho suna rawa da shi a bakin mota. Na ajiye jaka a ƙasa, na rasa inda zan sa idona.

Kiɗan ya ci gari. A gidan biki shi ne, a motar kamfen shi ne, jam'iyyun da ba su ga-maciji da juna duk da shi suke tara jama'a. Ina shiga aji yara su fara buga tebur a hankali, "Ayuba, Ayuba", suna tsammani tsokana ce mai daɗi, sunan Mushe ya shiga waƙa. Ban tsawata musu ba. Me suka sani? A fada aka koma gardama: wannan ya ce muryar wata ƴar Yamai ce, wancan ya ce daga kaset ɗin Turawa aka ciro ta. Wani ya juyo ya ce: "Mushe, yau ba ka da lacca? Ina turmin naka?" Na ce shayin ya yi zaƙi da yawa, na tashi.

Abin da ya fi ƙona ni ya zo ta rediyo. Aka yi hira da su, mai tambaya ya ce muryar wace ce. Laminu ya yi dariyar nan tasa ya ce: "Ba ta kowa ba ce, injinmu ne ya haife ta." Da ya ce ta wata tsohuwa ce a arewa, Allah Ya ji ƙanta, da na sami abin riƙewa. Ke da kika ba shi tuwo da hannunki, kika ƙara masa miya, ya ce inji.

Na je ɗakin buhuna da hantsi. Ban yi faɗa ba, Inna, kin san ban iya ba. Na ce na zo karɓar amanata. Laminu ya yi ta jujjuya kwali, ya buɗe wannan ya rufe wancan, daga baya ya zauna. Ya ce tun da darajar kuɗin sefa ta faɗi sabon kaset ya yi wuya a kasuwa, suna tsakiyar aiki suka rasa na ɗauka, sai suka ɗora wani kiɗa a kan nawa, ya goge abin da ke ciki. "Amma ai muryar tana nan cikin waƙar, Mushe, duk ƙasa na jin ta. Mun ɗaukaka ta ne." Na dube shi, na ga da gaske yake, bai ma san abin da ya yi ba. Ni na koya masa haɗa jimla, ni na koya masa cewa kiɗan ƙasarsa abin alfahari ne. Ban koya masa cewa akwai sautin da ba a ɗauka ba. Agali yana zaune a kusurwa da reza a hannu, kansa a ƙasa, har na fita.

Ban sake komawa ba. In mun haɗu a hanya suna gaishe ni, ina amsawa. Kuma ba zan yi miki ƙarya ba, har yanzu in na ji wani kiɗan nasu daga nesa ƙafata tana motsi kafin in tuna. Sun iya, Inna. Wannan ma wani ciwon ne.

Bayan wata biyu Agali ya zo gidana ba na nan, ya bar wa matata kaset ɗin waƙar tasu ta kasuwa a cikin takarda. A bayan takardar ya rubuta layi ɗaya: a saurara da tsohon pil, wato batir. Na jefa shi cikin akwati, ya yi wata da watanni. Wata Juma'a bayan masallaci, gida ba kowa, na ɗauko shi. Pil ɗin da ke cikin rikodata sun kusa mutuwa, ban saya sababbi ba. Na kunna. Zaren ya fara ja da ƙyar, piyano ya yi nauyi kamar mai ciwon baya, ganga ta rage gudu. Sai muryar yarinyar nan ta fara sauka, tana sauka, tana buɗewa, har ta tsaya daidai inda na san ta. Ke ce. Da ƴar shaƙewar nan taki ta mai yawan zama kusa da murhu. Ba ta kai minti biyu ba pil suka ƙarasa mutuwa, kika nutse.

Yanzu ɗalibaina sun san Mushe yana karɓar tsofaffin pil, na tocila da na rediyo. Suna kawowa cike da aljihu, suna dariya, sun ɗauka gwajin kimiyya nake yi. Daga yau za su san gaskiya. Ina gwada su ɗaya-ɗaya. Mai ƙarfi da yawa yarinyar nan yake ba ni, wanda ya mutu sarai ba ya ba ni komai. Sai an dace da wanda ya gaji daidai, shi ne yake kawo ki.

Ki yafe mini, Inna. Kin ce a bar miki bakinki, ni na kawo waɗanda suka ɗauke shi, kuma ga ni nan ina sauraron abin da kika ɓoye mini shekara talatin da takwas. Na san da kina nan da kin ja mayafi kin rufe fuska, kin ce a kashe akwatin nan marar kunya. Na kasa kashewa. Amma in kin kira, ba na bari ya wuce a banza kamar a tasha. Ina amsawa, a hankali, yadda ba mai ji: na'am.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sanyaya shi kamar randarki ta ƙarƙashin rumbu. Ya saka miki da kowace taɓarya da kika ɗaga don mu ci. Ya shiryi yaran nan biyu, Ya ba ni zuciyar da zan yafe musu, don har yau ban same ta ba. Ya haɗa mu a inda ba sauran kunya tsakanin uwa da ɗan fari, ki kira ni da bakinki, ba inji a tsakani. Amin.

Ni ne ɗanki,
Mai-boko.