Ganyen Ƙasa Sun Yi Rawaya, Ban Gani Ba

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara sauƙin ƙafar nan taki. Mu nan da sauƙi. Ɗana yana ta fama da aiki, surukata kuma, Allah ya yi mata albarka, ba ta gajiya da ni. 'Yan biyunsu sun fara tafiya, ba abin da ya tsira a falo.

Auta, akwai maganar da na daɗe ina ɓoyewa, yau dai zan faɗa miki. Kin san tun da na bar aikin lambu na dawo wurinsu a bene hawa na huɗu, ba ni da ko taki ɗaya na ƙasa. Ganin ina zaman shiru, ɗana ya sayo mini wata 'yar bishiyar ado mai kama da dabino, irin wadda ba a sa mata ƙasa. Cikin tsakuwar yumbu take zaune, ruwa da taki na kwalba take sha, a gefen tukunyar kuma akwai ɗan ma'auni mai jan layi da ruwa bai kamata ya wuce ba. Da farko dariya na yi, na ce shuka ba ƙasa ai kifi ce. Amma da babu gara ba daɗi, na riƙe ta hannu biyu, har saiwarta ta cika tukunya.

Watan jiya na sauya mata babbar tukunya mai wata a cikinta. Na wanke saiwar da ruwa mai ɗumi, na datse matattun, na jera tsakuwar da hannuna. Bayan kwana goma surukata ta ce mini ganyen ƙasa duk sun yi rawaya. Na ce mata na sani, ina lura. Ƙarya na yi, Auta. Kullum ina gaban bishiyar nan, ban gani ba. Da ta ɗaga tukunyar ciki sai wari ya taso, ruwa ya kai baki, saiwar ta jiƙe ta yi laushi. Ta tambaye ni a hankali ko ban ga jan layin ba. Shekara arba'in ina lambu, ban taɓa kashe shuka da ruwa ba.

Washegari ɗana ya kai ni wurin likitan ido. Likita ya ce ruwan cikin idon ne ya yi yawa yana danne jijiya, shi ya sa nake gani kamar mai leƙe ta bututu, gefe da ƙasa duk duhu. Ya ce abin da ya tafi ya tafi, maganin ɗigawa sai dai ya tsare ɗan abin da ya rage. Ya tambaye ni tun yaushe, na ce wata biyu. Alhali shekara biyu ne. Ya kuma ce ciwon yana bin jini, sai na tuna yadda Baba ya riƙa lalube bango a ƙarshen rayuwarsa muna cewa tsufa ne. Don Allah ki je a duba naki, kada ki yi irin taurin kaina.

Bishiyar tana nan, ganye huɗu suka rage, mai sayar da furanni ya ce sai dai a jira. Har yanzu ni nake ba ta ruwa, don surukata ta ce aikina ne. Amma duk safiya, in na koma ɗaki, ina jin surukar tawa tana tsiyaye abin da na zuba a hankali don kada in ji. Ban nuna mata na sani ba. Wannan ƙarar ruwan ta fi maganar likita yi mini ciwo.

Na san hanya da nisa, ƙafarki kuma ba daɗi. Duk da haka ki zo, kada ki jira hutun yara. Tsakiyar idona har yanzu tana ɗaukar fuska guda in an zauna dab da ni, ina so taki ta shiga ciki.

Ki gai da maigidanki, da Inna ƙarama, da takwarana, da amaryar babban ɗanki. Ɗana da surukata suna gaishe ku. Allah ya sada mu da alheri.

Yayanki,
Tsohon mai lambu