Muryar Yaya Misbahu a Kwamfutar Baba

Zango, Kumasi
4 ga Mayu

Yaya Misbahu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ya aiki, ya zaman Jamus? Baba yana gaishe ka. Idanunsa suna nan yadda ka bar su, ba ya ganin komai sai hasken ƙofa.

Yaya, na yi ɓarna. Manhajar nan da ka harhaɗa da hannunka kafin ka tafi, wadda ka sa wa muryarka take karanta wa Baba labarai da Hausa, ta lalace. Ran Talata kwamfuta ta nemi a sabunta Linux, tsarin da take aiki da shi, na yarda. Washegari Baba ya danna maɓallinsa, sai ga muryar wata Baturiya tana kakkarya Hausa. Ya ce in kashe. Yau kwana uku bai nemi labarai ba, daga masallaci sai tabarma. In maƙwabta suka watse kasuwa, gidan ni da shi ne kawai.

Na kira ka sau shida, ba ka ɗauka ba. Ban faɗa masa ni ce sila ba.

Ƙanwarka,
Safara'u

Zango, Kumasi
11 ga Mayu

Yaya Misbahu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ban ga amsarka ba. Na san aiki ne.

Na rungumi kwamfutar a cikin turoturo, motar haya, har Suame, unguwar makanikai, wurin Anti Barkisu mai duba kwamfutar motoci. Ta ce laifin ba nawa ba ne ni kaɗai. Ka zuba manhajarka a foldar /usr, inda tsarin yake ajiye kayansa. Shi kuwa duk abin da ke can nasa ne, da sabuntawa ta zo sai ya ɗora nasa a kan naka. Abin da mutum ya harhaɗa da kansa a /usr/local ake sa shi, ko a /opt, can ba ya taɓawa.

Allah Ya taimaka, fayilolin asali da muryar da ka naɗa suna nan a foldarka. Anti ta ƙi yi mini. Ta zaunar da ni a benci cikin ƙarar guduma, na rubuta umarnin da kaina. Sau biyu ina kuskure, a na uku ya yi.

Baba ya saurari labarai har ƙarshe, ya ce, "To, ya dawo." Ya ce in kawo masa koko.

Akwai abin da zan faɗa maka, kada ka yi mini dariya. Da maƙwabcinmu ya ja Baba sallar la'asar, na zauna gaban kwamfutar na rubuta, "Safara'u, sannu da ƙoƙari." Na danna, ka faɗa. Na sake dannawa. Shekara huɗu rabon da in ji sunana a bakinka ba tare da kana sauri ba.

In ka samu sarari ka kira. Ba sai da dalili ba.

Allah Ya tsare mana kai.

Ƙanwarka,
Safara'u