Batirin da Kuka Zuƙe a Balan

Zuwa ga Manajan kamfanin wutar sola mai kula da Gaya da Ajingi,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka.

Sunana Asabe, matar marigayi Malam Sale, manomin gyaɗa a Balan. Daga ɗakin takaba nake rubuto maka.

Na ɗaya. Ma'aikatanku ne suka zo har zaurenmu, suka ce a haɗa solarmu da babban layin wuta. In wuta ta yi wa gari ƙaranci ku ɗan ja daga batirinmu, in ta wadata ku mayar. Malam ya faɗa musu yana da ciwon suga, allurarsa a firji take zama, don ita ma ya sayar da shanun huɗarsa ya sa solar. Suka rantse ba za a taɓa jan fiye da rabin batiri ba. Ya sa hannu.

Na biyu. Da bazara ta tsananta, kwana huɗu a jere kuna kwashe wutar tas. Ko rana ta take, abin da farantan solar suka kama kuna janyewa. Firjin ya koma akwati. Malam ya hau babur har ofishinku na Gaya, aka ce masa na'ura ce ke yi, ba mutum ba.

Na uku. Allurar ta lalace ba mu sani ba, don kalarta ba ta sauya ba. Da hannuna na riƙa yi masa ita, ina ce masa zai ji sauƙi. Ya fita hayyacinsa ran Laraba da hantsi. Kafin motar da muka sa shi zuwa asibiti ta kai Wudil ya cika.

Na huɗu. Ranar sadakar uku saƙonku ya shigo wayarsa, kuna taya shi murnar taimakon da batirinsa ya yi wa gari. Wansa ya kawo maka kuka, ka ce takardar da Malam ya sa wa hannu ba ta ambaci firji ba, kuma mai suga dama kwanansa a ƙirge yake.

Ban ce a daina taimakon juna da wuta ba. Ina roƙo ku cire gidana daga layinku, ku bi gida-gida ku san inda marar lafiya yake kafin ku taɓa batirinsa. Sannan ka tako da ƙafarka zuwa Balan, ka maimaita maganar nan a gaban 'ya'yansa biyar.

Allah ya ƙara maka lafiya, kada ya sa ranka a hannun mutum irinka.

Wassalam.
Asabe, Balan