Ragowar Irin Kindirmonki

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki a makwancinki, da fatan rahamar Allah na tare da ke.

Inna, gobe ne gwajin ƙarshe, kuma hankalina ya ƙi kwanciya.

Kin tuna ranar da na zo garinmu Kazage da 'yar kwalba na ɗebi kindirmonki? Kika yi ta dariya, wai boko ya mayar da ni maroƙiyar nono. Na ce miki akwai ƙananan halittu a ciki da ido ba ya gani, su ke sa madara ta kama, wataƙila ma su ke tsayar da gudawar yaran da ake kawo miki. Kika ce, “To, ki gaishe su.”

Ba ki taɓa sa wa ƙwaryarki sabulu ba. Kullum sai kin rage ludayi guda na jiya kin zuba a sabuwar madara. Shi kike kira iri, kuma daga hannun Kaka kika gaje shi.

Bayan sadakar bakwai ɗinki, ƙanwar Baba, Goggo Hajjo, ta wanke ƙoren nan tas da sabulu ta shanya, don ta kyauta. Ban iya yi mata faɗa ba. Shanun ma an kora su kudu tun da dajin ya ƙi zaunuwa. Abin da ya rage na irinki a duniya yana firizar ɗakin gwajinmu, inda wuta ke ɗaukewa yadda ta ga dama.

Kala biyar na ƙananan halittun nan na ware daga ciki. Na saka su a ruwa mai tsami kamar na cikin mutum, huɗu suka mutu. Gobe ta biyar za ta shiga ruwan maɗaciya. In ba ta jure ba, malamina ya ce a zubar, in samo wani nonon a kasuwa. Ya faɗa kamar ba komai. Bai sani ba.

Na yi abin da ba a koya mana ba, Inna. Jiya na tafasa madara, ta huce, na ɗiga mata kaɗan daga ragowar irinki, na rufe da faifai yadda kike yi. Tun safe nake zagaya ƙwaryar. Tsoro nake in ɗaga in tarar da ruwa, ba ta kama ba.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya shayar da ke yadda kika shayar da mu. Ni kuma Ya ba ni zuciyar ɗaga faifan nan.

'Yarki mai kewarki,
Maryama