Yadda Gadonku na Tarihi Ya Mai da Matata Majinyaciya

Zuwa ga Daraktan tsohon otal ɗin nan mai doguwar baranda da ke kallon kogin Binuwai, a Garwa.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata, da kuma gadon ƙarfen nan da kuke ji da shi kamar ɗan fari. Ni ne mutumin Gider da ya sauka a wurinku tare da maiɗakinsa jim kaɗan bayan sallar layya. In ka manta fuskata, na san ba ka manta taron da ya cika maka gindin mangwaro ba. Na nemi ganinka ranar da za mu tafi aka ce ka fita, na kira a waya aka ce kana ganawa. Shi ya sa na fito da maganar fili, kowa ya karanta ya yi mana alƙalanci.

Bari in fara gaya maka abin da ya kai mu wurinku. Ni gyaɗa nake saye ina sayarwa. Matata Hajiya Asta shekara ashirin da ɗoriya ke nan tana gidana, gidan kuwa a bakin hanyar Marwa yake. Duk ɗan'uwan da motarsa ta lalace, ko ya zo cin kasuwa, ko kawai ya tuna muna raye, wurinmu yake sauka. Tukunyarta ba ta sauka daga murhu sai in za a ɗora wata. A duk tsawon shekarun nan ban taɓa zama na ci abinci da ita mu biyu ba. Ni ina zaure da baƙi, ita tana madafa tana cin ƙanzo a tsaye. Bayan hidimar layya na ga yadda take dafa bango in za ta miƙe, sai na yi mata alkawari: zan kai ta inda ba tukunya ba baƙo, ta huta, mu zauna a teburi ɗaya mu ci kifi, mu je mu ga dorina a kogi kamar yadda masu hankali kwance suke yi.

Ba mu gaya wa kowa inda za mu sauka ba, kuma ka san dalili. Mutumin Gider abu uku ke kai shi Garwa: asibiti, neman takarda, ko jirgin Makka. Hutu ba ya cikin lissafi. Sannan ina da goggo a unguwar Yelwa nan cikin Garwa, Goggo Dudu, wadda in ta ji ka shigo gari ka kwana a otal alhali tana numfashi, to ka zage ta ke nan har kakanninta. Muka lallaɓo kamar ɓarayin kaji. Ga abin da muka tarar.

Na farko, gadon. Mai karɓar baƙinku ya ce tunda hutu muka zo zai ba mu ɗakin Gwamna, inda wani babban Bature ya taɓa kwana tun kafin a haifi ubana. Na ji daɗi, har na gyara zaman hula. Da aka buɗe ƙofa sai ga bango fari, zanen gado fari, gado na ƙarfe shi ma fari, dogo, mai sanduna a kai da ƙafa. Gefensa kun kafa wata sandar ƙarfe mai ƙugiya, wai a nan Gwamna yake rataye malafarsa. Ranka ya daɗe, ka shiga ɗakin nan da idon mutumin ƙauye ka gaya mini tsakaninka da Allah, in ba ledar ƙarin ruwa ba, me ya rage?

Na biyu, hoton. Ma'aikacinku ya ce al'adar gidan ce duk wanda ya sauka a ɗakin a ɗauke shi a kan gadon. Hajiya ta ce ita kunya take ji, ya ce ai har matan ministoci sun yi. Ya sa ta kwanta, ya ja mata zane har ƙirji, ya ce ta lumshe ido don a ga hutu. Ya karɓi wayarta ya ɗauka. Ita kuma don murna ta tura wa 'yarmu Fadimatu da ke aure a Ngong, ba ta haɗa da ko kalma ɗaya ba, ta ajiye wayar ta yi barci. Ni tawa wayar tun a tasha na kashe ta, don na rantse ba mai neman farashin buhu da zai same ni.

To Fadimatu tun da ta yi wayo ba ta taɓa ganin uwarta kwance da rana ba. Ba ita kaɗai ba, duk danginmu babu wanda ya taɓa gani. Ta kira, ba a ɗauka ba. Ta kira ni, a kashe. Sai ta jefa hoton cikin zauren dangi na waya tare da kukan da ta naɗa. A jikin matashin kai da ke cikin hoton kuma ga sunan otal ɗinku an ɗinka da jan zare, wanda dangina suka ɗauka sunan sabon asibitin kuɗi ne.

Na uku, mai gadinku, wanda shi na fi riƙewa a zuciya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kafin la'asar Goggo Dudu ta sauka daga babur da kulolin abinci a ɗaure cikin zane, ta ce masa, "Ina aka kwantar da marar lafiyar Gider?" Mutum mai hankali zai ce nan ba asibiti ba ne. Shi sai ya ce, "Allah hoynu, Goggo," wato Allah ya sawwaƙe, ya karɓar mata kayan, ya rako ta har ƙofar ɗaki. Daga baya da na tuhume shi ya ce ai babbar mace ba a mai da ta daga ƙofa, kuma shi ma kakarsa mutuniyar Gider ce. Daga lokacin duk wanda ya zo da kula a hannu ba a tambayarsa komai, nuni kawai ake masa da baki.

Zan faɗi gaskiya, da farko Hajiya ta yi ƙoƙari. Ta yunƙura ta ce, "Goggo, lafiyata lau wallahi." Goggo ta danna ta ta koma, ta ce, "Kwanta, haka duk masu jin jiki suke cewa." Mata suka yi ta shigowa, wasu ma ban san ta ina muka haɗa jini ba. Wata ta kama fifita, wata ta kama matsa mata ƙafa, wata ta buɗe farfesun kaza, ga kunun gyaɗa, ga tuwo da miyar tasba, wato tafasa. Matar ƙanena, wadda in ta zo gidana ko cokali ba ta ɗagawa, ta durƙusa tana tambaya, "Adda, me ranki yake so?" Ina tsaye ina kallo na ga idon matata ya sauya. Ta dubi farfesun, ta dubi masu matsar ƙafa, ta dube ni. Sai ta lumshe ido ta ce, "Wash."

Wannan "wash" ɗin shi ya kore ni daga ɗakin da na kama da kaina. Goggo ta ce namiji ba ya zama cikin mata masu jinya.

Na huɗu, mai kawo abincinku mai farar riga har gwiwa. An ce mini tun zamanin Turawa haka ma'aikatan gidan suke sawa, kuma ba za a sauya ba saboda tarihi. Dangina suna ganinsa suka miƙe suna "Sannu dokta." Bai ce musu a'a ba. Washegari da safe suka tare shi suna tambayar jikinta, ya gyara tsayuwa ya ce, "Madam ta ɗan taɓa burodi, shayi kuwa ta shanye. Anjima za mu gwada ta da ƙwai." Jama'a suka ɗauki hamdala. Aka tambaye shi ko za ta iya cin barkono, ya ce kaɗan-kaɗan. Da idona na ga wani dattijo ya naɗe wando yana nuna masa gwiwa, shi kuma yana latsawa yana girgiza kai.

Na biyar, tabarmi. Maimakon ku sallami mutane, sai kuka fito musu da tabarmi da butoci gindin mangwaro, har da tulun ruwan sanyi. Nan aka zaunar da ni a tsakiya ina karɓar "Allah ya ba ta lafiya." Duk wanda na ce wa lafiyarta ƙalau, hutu muka zo, sai ya dafa kafaɗata ya dubi na kusa da shi ya ce, "Allah sarki, bai yarda ba tukuna." Kawuna Bakari ya taso tun daga Tuboro da ɗan akuya na sadaka da wata jarka ta jiƙo. Akuyan ya cinye furannin da kuka ce matar Gwamna ce ta dasa kakanninsu. Wannan kam ba zan ba da haƙuri ba, ku kuka nuna masa inda zai ɗaure shi.

Na shida, kuma shi ya fi yi mini ciwo. Tun isowarmu na roƙi a shirya mana teburi na mutum biyu a baranda, da gasasshen giwan ruwa, lokacin da rana za ta faɗa bayan kogi. Wannan kaɗai kuka cika daidai. Aka shimfiɗa, aka kunna kyandir, aka kira ni. Na aika a kira Hajiya, Goggo ta aiko cewa in ji tsoron Allah, marar lafiya ba ta shan iskar kogi. Ina zaune ni kaɗai sai ga Kawu Bakari ya ja kujerarta ya zauna, ya ce ba zai bar ni da tunani ba. Ya ci rabonta, ya taya ni nawa, ya tsotse kan kifin, yana ba ni labarin mutanen da suka yi irin wannan ciwo ba su tashi ba. Shekara ashirin da ɗoriya ina jiran wannan zama, ranka ya daɗe, ƙarshe da kawuna na yi shi, ga kyandir a tsakaninmu. An gudu ba a tsira ba.

Ranar da za mu tafi, mata sun fita haɗa kulolinsu, na samu na faɗa ɗakin. Na ce, "Hajiya, me na yi miki?" Ta buɗe ido ɗaya ta tabbatar ni kaɗai ne, sannan ta tashi zaune garau. Ta ce, "Alhaji, ka ce in huta, ga shi na huta. Tun da na shigo gidanka ba wanda ya taɓa tambayata me nake son ci sai a kan gadon nan." Na zo da faɗa a bakina, na rasa inda zan ajiye shi. Na ji haushi, na ji kunya, na kuma ji tausayinta fiye da duka biyun. Kafin in ce wani abu aka turo ƙofa, ta koma ta kwanta.

Dorina dai ba mu gan ta ba. A gida an ci gaba da zuwa dubiya, ita kuma tana samun sauƙi a hankali, yadda ta ga dama. Sai da ta gaji da kunu don kanta sannan ta ba ni izinin rubuta wannan takarda.

Ga buƙatuna, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ku shafa wa gadon nan fenti, ko kore ko shuɗi, Gwamna ba zai dawo ya yi ƙara ba. Ku fitar da sandar malafa. Mai farar riga a ɗinka masa wata, ko kuma a tura shi ya karanto aikin da ya riga ya fara. Ku sake ba mu ɗaki da teburin da kifin, don alkawarin da na yi wa matata rabi ne ya cika, kuma rabin nawa ne ya saura. In muka dawo, ku sa mai gadi wanda ba shi da kaka a Gider. Duk wanda ya zo nemanmu kada a ce masa ba mu da lafiya, zai kawo kula. Kada kuma a ce mun mutu, da tabarmarsa zai zo ya yi mako.

Ku kuma dangi, na san za ku karanta kafin Darakta. Lafiyar Hajiya Asta ƙalau, ba abin da ke damunta sai gajiyar da muka tara mata, ni da ku. Kulolinku mun gode, kuma ƙofa a buɗe take, sai dai wanda ya san hanyar kawo farfesu Garwa ya san hanyar madafa a Gider.

Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara wa otal ɗinka albarka, ya raya furanninka, ya tsare ka da kawu mai son zumunci. Allah ya ba taka matar ranar da za ta miƙe ƙafa ta kwanta da tsakar rana, mutanen gida su gani, su ja mata ƙofa kawai, ba wanda zai fashe da kuka.

Wassalam.

Naka,
Mijin Hajiya Asta,
mai gyaɗa, Gider.