Rubutun Jikin Ɓaure

Daren Laraba, kakar riɗi, Fashaga

Yau Haruna ya kankare mini rubutuna.

Tun da muka zo yankan simsim, wato riɗi, nake zuwa gindin ɓauren nan na bakin rafi bayan la'asar. A gefen da rana ba ta dukansa akwai wani farin tabo manne da ɓawon, da ƙananan layuka baƙaƙe kamar ajamin marigayi Baba a kan allo. Abu ne mai rai, inuwa da raɓa yake so, kuma ba ya son taɓi. Ni dai zama nake yi ina kallonsa, ina ba shi labarin matata Hauwa da yaran da na baro a Gadarif.

Yau na tarar da wurin fayau, sai shatar wuƙa. Da na koma kambo, masaukinmu na 'yan ƙwadago, na ga Haruna, abokin kwanana, da kofi a hannu.

Ya ce, "Ya zol, mutumina, rubutun da ba hannun mutum ya yi ba, a bar shi a itace? Na jiƙa saboda ciwon bayana. Ga ragowa, sha."

Na ce masa na ƙoshi. Me zan ce? Bayansa na ciwo da gaske, ina jin nishinsa kullum.

A jikin ɓauren ɗan gefen tabon ne kawai ya rage, bai kai farce ba. Irin wannan sai ya yi shekaru kafin ya yaɗu, mu kuwa jibi za a kwashe mu.

Haruna ya yi barci, har da minshari. Ni ban san wa zan gaya wa na yi kewar gida ba.